Sunan da Casiano Ya Tafi Yaƙi da Shi

Sucre, 3 ga Maris, 1992

Zuwa ga Nélida Barja, ɗiyar marigayi Fermín, a Oruro.

Shekaruna saba'in da takwas, da ƙafata nake hawa matakalar gidana, da hannuna nake rubuta wannan takarda, kuma ba na bukatar kowa ya ji tausayina. Na fara da haka ne domin abin da zai biyo baya roƙo ne, ni kuwa ban saba roƙo ba, ba na so ki ɗauke shi kukan tsohuwa.

Bayan haka ina gaishe ki, ina gaishe da mahaifiyarki Doña Petrona. Ina fata sanyin Oruro bai sauka a ƙirjinta ba bana, idonta kuma bai ƙara dushewa ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa da ke gaya mini za a yi ruwa kafin gidan rediyo ya sani. Rabonmu da ganin juna tun jana'izar mahaifinki, shekara biyu ke nan, laifin kuma nawa ne da naki daidai.

Ranar Lahadi na je maƙabarta da furanni kamar kullum, sai na tarar an manna wata takarda a kan gilashin gurbin bango da aka sa gawar baffanki Casiano, mijina, a ciki. Kin san ƙa'ida: gurbin bango na shekara biyar ne. Nasa zai cika ranar 30 ga Afrilu. Wannan bango kuma rushe shi za a yi, saboda haka ba a sabunta wa kowa. Wanda danginsa suka kawo takardar inda za a kai shi, a ba su ƙasusuwansa. Wanda ba su kawo ba, a zuba shi a ramin gama-gari, inda babu suna.

Na nemi a kai shi hubbaren tsofaffin sojojin yaƙin Chaco, da tuta da begila, kamar yadda aka yi wa mahaifinki. Ofishin tsofaffin sojoji ya amsa mini da layi biyu, cewa babu wani Casiano Barja a littafinsu. Na ɗaukaka ƙara. Za a zauna a kanta ranar 24 ga Afrilu.

Abin da zan faɗa miki yanzu, mutum huɗu ne suka san shi a gidan Barja, biyu sun rasu. A 1932, da aka kira samari yaƙi, sunan Fermín ne ya fito, domin shi ne ya kai shekaru. Mahaifiyarki tana da cikinki wata huɗu. Casiano yana ɗan shekara goma sha bakwai, ba wanda ya kira shi. A ƙauyensu a wancan zamani mutum ba shi da wata shaida sai takardar baftisma, ita kuwa ba ta da hoto. Casiano ya zaro ta wansa daga akwatin uwarsu, ya tafi bariki da ƙafa. Aka kira Fermín Barja, ya amsa. Shekara uku yana amsawa.

Da aka sallame shi, littafin sallama ya fito da sunan da ya shiga da shi. Ba a ɗaukar mutum aikin jirgin ƙasa a lokacin sai da wannan littafi, Fermín kuma yana da mata da ƙaramar yarinya. Casiano ya miƙa masa littafin, ya koma aikin kafinta. Kama suke kamar an tsaga kara, ba wanda ya tambaya. Daga littafin sauran suka biyo: lambar girma, kujerar gaba a ranar fareti, daga ƙarshe hubbare.

Ban rubuto don in zubar da mutuncin mamaci ba. Fermín bai ƙwaci komai ba, ba shi aka yi. Amma masu sauraren ƙara sun ce sai wani daga gidan Fermín ya yi rantsuwa a rubuce gaban lauya mai hatimi, cewa ba shi ne ya tafi ba. Ke kaɗai ce 'yarsa. Abin da nake so a mayar wa mijina haƙƙinsa, kuma kwanakin da suka rage mini hamsin da 'yan kai ne.

Ki ba direban motar safa amsarki, ya fi gidan waya sauri.

Matar baffanki,
Leonor Arancibia, gwauruwar Barja

Oruro, 12 ga Maris, 1992

Gwaggo Leonor,

Na samu takardarki, na gode da gaisuwa. Mama tana nan, ido sai a hankali, yanzu da murya take gane mutum. Ni ma lafiya, sai tsayuwar kantin magani da ke kumbura mini ƙafa.

Sau uku na karanta abin da kika rubuta. Gwaggo, ni ce nake goge wa Baba lambobinsa da toka kowace sha huɗu ga Yuni. Ni ce nake riƙe masa kwat a bakin titi yana wucewa cikin fareti. Ranar da aka sa shi a hubbare kina tsaye a bayana, kin ji begila, kin ga an naɗe tuta an miƙa wa Mama. Ba ki ce uffan ba, kofi ma kika nemi ƙari. Yanzu da ba shi da bakin amsawa sai ki ce in je gaban lauya in rantse ubana maƙaryaci ne?

Na san Baffa Casiano mutumin kirki ne, shi ya yi mini gadon da nake kwana a kai har yau. Amma ban taɓa jin ya ambaci Chaco ba, ko sau ɗaya. Baba kuwa kowane dare da labarinsa.

Kin ce a mayar wa mijinki haƙƙinsa. Na gane abin da kike nufi, da ma kin fito fili kin faɗa. Fanshon gwauruwa da Mama take karɓa, da shi take sayen maganin ido, da katinsa take ganin likita. Ke malama ce, kina da naki fanshon, kina da gida. Mama ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. In an karɓe mata wannan, ni kaɗai ba zan iya riƙe ta ba.

Ga ɗan abin da na tara na ba direba, ki ƙara a nema wa Baffa wani gurbin. Ban karanta wa Mama takardarki ba, kuma ba zan karanta mata ba. Don Allah a bar maganar nan.

'Yarki,
Nélida

Sucre, 19 ga Maris, 1992

Nélida,

Ina gaishe ku, ina yi wa mahaifiyarki fatan sauƙi. Ƙafarki kuma ki riƙa ɗora ta a kan matashi in kin dawo daga aiki.

Kuɗinki yana cikin wannan ambulan kamar yadda ya zo. Gurbin ƙasusuwa ba kuɗi ne ya hana ni ba, layi ne, kuma mutum ɗari biyu ne a gabana.

Shekara talatin da huɗu na koyar da yara, abin da nake fara koya musu shi ne kada su karanta abin da ba a rubuta ba. Ina kika ga fansho a takardata? Haƙƙin da nake nufi sunansa ne a kan dutse, da tuta a kan akwati, da busa ɗaya ta begila. Ban taɓa sa ido a kwanon Petrona ba, ba kuma a wannan shekaru zan fara ba. Shirun da na yi a jana'izar mahaifinki kuwa, Casiano ne ya sa na yi masa alkawarin ba zan ɗaga maganar ba muddin Fermín yana numfashi, na kuma ga bai dace in ɗaga ta a kan gawarsa ba. Labaran da kike ji kowane dare, ki tambayi kanki daga bakin wa ya fara jin su.

Kada ki zaci ban nemi wata hanya ba kafin in dame ki. Mutum biyu ne suka rage a Sucre cikin waɗanda suka zauna ramin yaƙi ɗaya da Casiano: Don Sabino, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa lafiya, da Don Hilarión, mai busa musu begila, wanda igwa ta tafi da kunnensa. Ranar Litinin na ɗauke su a tasi zuwa ofishin don su ba da shaida. Ma'aikacin ya ce, “Doña Leonor, ni ba ni da ta cewa, littafi bai san shi ba.”

Don Sabino ya ce, “Littafin naka ya sha ruwan injin mota tare da mu? Ɗan nan, lokacin da mutumin nan yake jana a ƙasa da harsashi a cinyata, ubanka ma bai iya ɗaure wando ba.”

Ma'aikacin ya yi haƙuri, na yaba masa. Ya ɗauki hoton Casiano ya nuna wa Don Hilarión, ya ɗaga murya ya ce, “Kaka, ka san wannan? Yaya sunansa?”

Tsohon ya kai hoton kusa da hanci, fuskarsa ta washe, ya ce, “Fermín! Fermín ne, ɗan banza, ya ci mini ganyen koka na tauna bai biya ba!”

Don Sabino ya doke shi da hula. “Kurman banza, Casiano aka ce ka ce! Tun a cikin tasi muke koya maka!”

“To ai Fermín muke ce masa,” in ji Don Hilarión, “in yi ƙarya a gaban hukuma?”

Ma'aikacin ya rubuta abin da ya ji. Shaidun da na kawo da kaina su suka tabbatar masa cewa Fermín ne ya tafi. Na fito, na zauna a kan dakalin ofishin, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata, har Don Sabino ya saya mini lemo.

Ba zan ce ki yarda da ni ba. Littafin sallama yana gidanku. Ki buɗe shafin da likitan soja ya rubuta raunuka, ki karanta abin da aka ce game da hannun hagu. Sannan ki tuna hannun mahaifinki, ki tuna hannun da ya yi miki gado.

Kwana arba'in da biyu suka rage.

Leonor Arancibia

Sucre, 8 ga Afrilu, 1992

Nélida,

Ina gaishe ki, ina fata lafiya ce ta sa shiru, ko da fushi ne. Kwana ashirin ke nan. Kowace safiya ina zuwa tashar motar safa, har mai sayar da tikiti ya fara girgiza mini kai tun daga nesa don kada in wahalar da kaina da tsallake titi. An ce masu haƙar ma'adinai sun tare hanya da duwatsu, ba mota ko ɗaya da ta sauko daga Oruro tun ƙarshen wata. Na zaɓi in yarda da haka, domin ɗaya dalilin ya fi mini nauyi. In Petrona ce ba lafiya, ko wani abu ya same ta a dalilin takarduna, ki gaya mini kada ki ɓoye.

Jiya an fara kafa tsani a ɗaya ƙarshen bangon. Na ga an fito da wani, ba wanda ya zo masa. A buhu aka sa shi.

Akwai abin da ya wajaba in rubuta, ko da yake alƙalamin ya yi mini nauyi. Na kai takarduna wurin wani lauya, tsohon ɗalibina, don ya duba mini kafin ranar zama. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, “Malama, kin san in aka karɓi wannan rantsuwa, gwauruwar Fermín ta tashi daga gwauruwar soja? Soja ɗaya ne, littafi ɗaya. In an rubuta Casiano, sai an goge Fermín, da duk abin da ke rataye da shi.” Na ce masa ni ba na neman kobo. Ya ce doka ba ta tambayar abin da nake nema.

Saboda haka na yi miki faɗa a kan karatu alhali ke ce kika karanta daidai. Ba abin da na nufa ba ne, amma shi ne abin da takardar za ta haifar. Ina neman afuwarki. Ki adana wannan layi, domin ba kasafai nake rubuta irinsa ba.

Yanzu ban san abin da zan roƙe ki ba. Ban ce ki sa hannu ba. Na ɗauki alƙalami in rubuta kada ki sa, sai na tuna buhun jiya, hannuna ya ƙi.

Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Leonor

Oruro, 5 ga Afrilu, 1992

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Mu lafiya. Hanya a rufe take, ban san ranar da wannan za ta iso ki ba, amma direban ya ce shi ne zai fara sauka in an buɗe.

Takardarki ta 19 ga Maris ta kwana goma a aljihuna ban buɗe littafin ba. Ranar Laraba na buɗe. An rubuta cewa mai littafin ya rasa yatsu biyu na hannun hagu, ƙarami da na kusa da shi.

Gwaggo, ni na wanke gawar Baba. Yatsunsa goma ne.

Sai na tuna safar hannu. Duk ranar fareti Baba yakan sa baƙar safar hannu a hagu kawai, ya ce sanyi ne ke taɓa masa tsohon rauni. In ya je karɓar fansho ma haka. Ina yarinya na taɓa ɗaukarta in yi wasa, na ga an ɗinke yatsu biyu an lanƙwasa su ciki, ya kuwa zane ni, duka ɗaya da ya taɓa yi mini. Shekara hamsin da tara gare ni, sai yanzu na san laifina.

Na je na samu Mama tana ɓare wake a tsakar gida. Na ce, “Mama, Baba ya je Chaco?”

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Leonor ce ta rubuto?”

Na ce e.

Ta ce, “Ta yi ƙoƙari. Da ni ce, da tun a bakin kabari na fasa.” Sannan ta yi dariya har ta share ido. “Ubanki? Chaco? Mutumin da in za a yanka kaza sai ya tuna yana da saƙo a tasha? A rumbun masarar kakarki ya yi yaƙinsa, wata takwas, ni nake kai masa abinci. Can aka kai masa ke ya gani.”

Na ce, “Kika bar ni ina goge masa lambobi?”

Ta ce, “To da wa zai goge? Ke ce dalilinsu, sakarya.”

Na karanta mata takardunki duka biyu. Da na zo wurin ramin gama-gari ta ajiye kwanon. Ta ce in ɗauko mata mayafinta mu tafi wurin lauya. Lauyan ya yi mana bayani dalla-dalla, ya ce in wannan takarda ta shiga ofis, fansho ya tafi, katin likita ya tafi, mai yiwuwa a fitar da Baba daga hubbare. Ya tambayi Mama ko ta gane. Ta ce masa, “Makauniya ce ni, ba kurma ba. Shekara sittin nake cin burodi da hannun Casiano, ba zan bari a zuba shi a rami kamar shara ba. Ina zan dangwala?”

Ga takardar nan, da sa hannuna da dangwalen Mama. Ban san yadda za mu yi ba bayan wannan, tun ranar barci ba ya zuwa mini sosai. Amma ki shigar da ita. Ki yafe mini abin da na rubuta a baya.

'Yarki,
Nélida

Sucre, 28 ga Afrilu, 1992

Nélida, ɗiyata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Petrona gaisuwa ta musamman. Lafiyata ƙalau. Takardunmu sun yi saɓani a hanya: taki ta biyar ga wata ta iso ni ranar ashirin da ɗaya, tawa ta takwas kuma ina zaton yanzu tana hannunki. Mai sayar da tikiti da kansa ya tsallako titi yana ɗaga ta sama kamar ya ci caca.

Kwana uku suka rage a zauna a kan ƙarata. Lauyana ya duba rantsuwarku ya ce da ita babu mai iya hana ni. Na kai ta gida na ajiye a kan tebur, na zauna ina kallon dangwalen mahaifiyarki. Ya karkace, ya hau kan layin rubutu, da gani wani ne ya riƙe mata hannu ya kai shi wurin.

Ranar ashirin da uku na je ofishin na janye ƙarar. Ma'aikacin ya ce, “Doña Leonor, bayan duk wannan zirga-zirga?” Na ce masa ƙafata ce, ba tasa ba.

Akwai wurin da ban ambata miki ba, kuma girman kai ne ya hana ni. A tsohon ɓangaren maƙabartar akwai ɗakin kabarin gidanmu, na Arancibia, mai ƙofar ƙarfe. Gurbi ɗaya ya rage a ciki, da sunana a takarda tun ina budurwa. Mahaifina, ranar da na ce masa kafinta zan aura, ya rantse cewa Casiano ba zai taka gidansa ba, a raye ko a mace, bai kuma taka ba. Ban so in kai mijina inda aka raina shi. Da na auna wannan da idon Petrona, sai na ga girman kaina ne kawai zai ji ciwo, shi kuwa ya daɗe yana bukatar a taɓa shi.

Jiya Litinin da hantsi aka buɗe gurbin Casiano ina tsaye. Abokan aikinsa na dā sun yi masa ƙaramin akwati na itacen al'ul, sun ƙi karɓar komai. Tutar kuwa daga makarantar da na shugabanta na aro ta, shugabar yanzu na koya mata haruffa, ba ta isa ta hana ni ba. Don Sabino ya zo da lambobinsa duka a ƙirji, ya ce shi zai ɗauki akwatin. Na ce zai faɗi da shi. Ya ce, “Doña Leonor, shi ya ja ni rabin yini a cikin ƙaya, ni in kasa kai shi taku ɗari?” Ya kai shi, da hutawa huɗu.

A bakin ƙofar ƙarfen na sa aka tsaya. Na fito da rantsuwarku na karanta ta da ƙarfi, tun daga kwanan wata har sunan lauya, da muryar da nake kiran sunayen 'yan aji. Da na zo inda kuka ce Casiano Barja ne ya tafi a madadin wansa, Don Sabino ya cire hula. Sannan ya duƙa a kunnen Don Hilarión ya yi ihu, “Ka ji, kurma? Casiano!”

Don Hilarión ya ce, “Na ji. Casiano. Ai da ya gaya mana tun can, da ba mu gaya wa kowa ba.” Ya ɗaga begilarsa. Sau biyu iska kawai ta fito, Don Sabino yana ce masa tsohuwar tayar mota. A na uku ta kama, ya busa har ƙarshe, masu aikin rushe bango suka ajiye guduma suka miƙe tsaye. Ba wanda ya ce musu su yi.

A kan dutsen na sa an sassaƙa sunansa, da shekarunsa, da cewa sojan Chaco ne daga 1932 zuwa 1935. Dutsen nawa ne, babu ofishin da ke da iko da abin da gwauruwa ta rubuta a kan dutsenta. Yana kwance daidai saman mahaifina. Sai su sasanta.

Za ki tambayi inda ni za a sa ni. Wannan ciwon kan na bar wa waɗanda za su rayu bayana, kuma na hana a yi mini kuka a kansa tun yanzu.

Rantsuwarku tana cikin wannan ambulan. Ba ta shiga ofis ba, ba kuma za ta shiga ba. Ki ƙone ta ko ki adana, taku ce. Ina tsammanin tuta nake nema, sai da na karanta ta a fili na gane so nake wani daga gidan Fermín ya faɗa, kun kuwa faɗa, kuna sane da abin da zai ci muku.

Ki gaya wa Petrona ta je ta karɓi fanshonta farkon wata kanta a ɗage. Casiano domin ita da ke ya tafi, ba zan sa ƙasusuwansa su kwance abin da ya ɗaura yana da rai ba. Kada ki rubuto ki ce in sake shawara. An rufe gurbin, simintin ya bushe.

Gwaggonki,
Leonor Arancibia, gwauruwar Casiano Barja